DVR, NVR ko kyamarar waifai: wanne zai tsare maka gida a Zariya?

Daren da aka ɗauke babur ɗin yayana daga zauren gidanmu a Tudun Wada, hankalin kowa ya koma kan gidan da ke fuskantarmu, domin akwai kyamara biyu a saman get ɗinsu, ɗaya ƙofarmu take kallo sak. Muna idar da sallar asuba muka tari mai gidan. Dattijo ne mai mutunci, bai ma bari mun gama bayani ba ya ce, "Ku shigo, ku duba da idonku." Ya kai mu falo, ya yaye ƙyallen da aka lulluɓe akwatin naɗar hoton kyamarorin da shi, ɗansa ya kama maus. Hoton yamma tar, har rubutun bayan wata keke napep da ta wuce ana karantawa. Da aka zo kan dare sai layin da ke ƙasan allo ya yanke, daga ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna har gari ya waye babu komai. An ɗauke wuta, akwatin ya mutu tare da ita. Dattijon ya jima yana kallon allon, sannan ya ce, "Wallahi yaron da ya haɗa mini cewa ya yi babu wadda ta fi ta a shagonsu."

Kuma ba ƙarya yaron ya yi ba, akwatin mai kyau ne. Abin da bai tambaya ba shi ne awa nawa ake samun wuta a layin, da kuma abin da zai riƙe na'urar idan an ɗauke. Tun daga ranar na shiga bin diddigin waɗannan kaya. Na sa a gidanmu, na raka 'yan'uwa da abokai sayayya a Sabon Gari da PZ, na ga wadda ta yi amfani ranar da aka neme ta, na ga wadda ta zama kayan ado a bango. Shi ya sa duk wanda ya fara tambayata da "megafiksel nawa zan saya?" (wato yawan ɗigon da ke cikin hoton kyamara) nakan ce masa ya dakata, mu fara maganar waya, da wuta, da kuma wanda zai riƙe mabuɗin.

Sunan DVR asalinsa na akwatin naɗar shirye-shiryen talabijin ne, irin TiVo da ReplayTV da suka fito a Amurka a 1999, kuma Explora ta DStv ma 'yar wannan dangi ce. Amma idan ka shiga shagon kayan lantarki a Zariya ka ce a ba ka DVR, akwatin kyamarar tsaro za a miƙo maka, kuma a kansa nake magana. Zaɓi uku ne a gabanka. Akwai DVR ɗin kanta, inda kyamarorin idanu ne kawai, duk ƙwaƙwalwar tana cikin akwatin: hoton yana biyo waya ya iso, akwatin ya matse shi ya adana. Akwai NVR, inda kowace kyamara 'yar ƙaramar kwamfuta ce mai adireshinta, ita take sarrafa hotonta ta turo shi a shirye, akwatin ajiya kawai yake yi. Sai kuma kyamarar waifai, wadda ba ta da akwati sam, memori ake sa mata a ciki, a haɗa ta da rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, a kalla ta wayar hannu. Yawancin abin da ke kasuwarmu na kamfanonin Hikvision da Dahua ne, dukansu daga birnin Hangzhou na ƙasar Sin, sai kuma tarin marasa suna da ke aiki da manhajar XMEye ko V380.

Waya ita ce babban abin da ya raba DVR da NVR, kuma ita ce abin da ba a sakewa da sauƙi bayan an shafe bango. DVR tana amfani da wayar koks, 'yar'uwar wadda ake ja daga dish zuwa dikoda, kuma kowace kyamara sai an ja mata tata tun daga inda take har bayan akwatin. Ga kuma wayar wuta mai bolt 12 da ke tafiya tare da ita. Amfaninta nisa: da waya mai kyau hoto yana tafiya mita 300 ko fiye ba tare da ya lalace ba. Wanda ya san gidajen gado na cikin birni, irin na wajen Ƙofar Doka ko Babban Dodo, inda daga zauren farko zuwa katangar baya tafiya ce ta sosai, sassa a jere, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. NVR kuwa wayar intanet take so, Cat5e ko Cat6, kuma ƙa'idar wannan waya mita 100 ce. Idan ta wuce haka sai an sa siwic, ɗan akwatin da ke haɗa wayoyin intanet, a tsakiya, shi ma yana buƙatar wuta da wurin da ruwa ba zai taɓa shi ba.

Sai dai wayar NVR tana da wata falala da koks ba ta da ita. Waya ɗaya ce take ɗaukar hoto da wuta gaba ɗaya, abin da masu sana'ar ke kira PoE. Wutar tana fita a kusan bolt 48, saboda haka ba ta raunana a hanya, kuma kowane bakin soka waya yana iya ba da wat 15, wasu har 30. Ka kwatanta da bolt 12 na kyamarar DVR. Na taɓa kwana biyu ina neman dalilin da ya sa kyamarar bayan gidanmu take aiki lafiya da rana, amma magariba na yi sai hoton ya fara rawa yana ɗaukewa. Ashe da duhu ya shiga fitilunta na gani da dare suna kunnuwa, ta ƙara jan wuta, wayar kuma ta yi tsawo, abin da ke isa gare ta bai kai ba. Da aka matsar da adaftarta kusa da ita, magana ta ƙare. Sannan da NVR kana iya tara kyamara huɗu na wani sashe a kan siwic ɗaya, ka jawo waya guda tak zuwa akwatin, maimakon damin wayoyi da za su ratsa tsakar gida.

Kowacce ka zaɓa, kada ka yarda a yi maka arha a waya. Kasuwa cike take da wayar da aka yi wa fentin jan ƙarfe a sama, cikinta alminiyam ne ko baƙin ƙarfe. Ka ce a yanko maka guntu, ka kankare zaren da wuƙa. In ya yi fari, alminiyam ne. In koks ce, kara mata maganaɗisu, in ya kama to baƙin ƙarfe ne. Irin wannan waya takan yi wata shida lafiya, damina ɗaya ta shiga cikinta ta fara ruɓewa daga bakin haɗi, kuma kuɗin sake fasa bango ya fi abin da ka rage. Araha ba ta ado.

Ga wanda yake gini yanzu, a Hanwa ne ko Dakace ko bayan Zango, shawarata guda ce: ka binne Cat6 ta jan ƙarfe zalla a cikin bututu tun kafin filasta, ko da DVR za ka fara sawa. Akwai 'yar na'ura mai suna balun da ake ɗaurawa a bakin wayar biyu, ta sa kyamarar DVR ta yi aiki a kan Cat6. Ran da hali ya samu ka koma NVR, akwati da kyamarori kawai za ka canza.

Maganar kyawun hoto ita ce inda aka fi ruɗin mai saye. A da NVR ta yi wa DVR nisa, amma yanzu kyamarorin koks na zamani, TVI na Hikvision da CVI na Dahua da AHD na sauran, suna ba da 1080p, wato megafiksel 2, har 5 da 8. Ga gida mai matsakaicin fili, megafiksel 2 na gaskiya ya isa a gane fuskar wanda ya tsaya a ƙofa. Abin lura shi ne wata 'yar kalma da ake rubutawa a jikin kwali, "Lite". Akwatin da aka rubuta wa 1080p Lite yana nuna maka cikakken hoto kai tsaye, amma wajen adanawa rabin faɗin yake ɗauka, ɗigo 960 maimakon 1920, sannan ya miƙe shi. Ba za ka gane ba sai ranar da ka jawo hoton jiya kana son karanta lambar mota. Ka tambayi mai shago abin da akwatin ke naɗa, ba abin da yake nunawa ba.

Kuma sau da yawa ba megafiksel ne ke hana gane ɓarawo ba, tsayi ne. Ana ɗaure kyamara can ƙarƙashin rufi don kada a sace ta, sai ta zama hula da rawani kawai take ɗauka. Wadda ke kallon ƙofa a sauko da ita daidai inda hannu ba zai kai ba amma fuska na shiga, kuma a ba ta gilashi mai matse kallo, na milimita 3.6 ko 6, a bar mai faɗin 2.8 ga wadda ke kallon fili gaba ɗaya. Da dare kuma akwai zaɓi biyu: mai hoto baƙi da fari da fitilar da ido ba ya gani, da mai launi, irin ColorVu ko Full-color, wadda ke kunna 'yar farar fitila. Mai launin ita ce za ta gaya maka kalar riga da kalar babur, abin da 'yan sintirin unguwa za su fara tambaya ke nan. Mai baƙi da farin kuma tana shan wahala a hunturu, domin ƙurar da ke yawo a iska tana mayar mata da haskenta, hoton ya koma kamar ana yayyafi. Haka saƙar gizo-gizo: zare ɗaya a gaban gilashi ya isa ya rufe rabin hoton dare. Tsumma da sanda duk sati biyu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, na cikin kuɗin mallakar kyamara a garin nan.

Abu guda da na ga ya cancanci ƙarin kuɗi shi ne akwatin da ke bambance mutum da mota daga sauran motsi. Hikvision na kiransa AcuSense, Dahua na kiransa WizSense, kuma ana samunsa a DVR da NVR duka. Ba tare da shi ba, akuyar maƙwabta, da kyanwa, da ledar da iska ta kwaso duk sai sun turo maka saƙo a waya, kwana uku ka gaji ka kashe sanarwar gaba ɗaya. Da shi kuma, neman abin da ya faru jiya da dare aikin minti biyar ne, ba zaman awa uku ana tura hoto gaba ba.

Ajiya lissafi ce mai sauƙi, kuma gara ka yi ta da kanka. Kyamarar megafiksel 2 da ke naɗa a kan megabit 2 cikin daƙiƙa tana cin kusan gigabait 21 a yini. Guda huɗu sun kama 86, wato faifan ajiya mai terabait 1 zai riƙe maka kwana 11 kafin ya fara goge na farko. Idan akwatin yana da H.265, salon matse hoto da ya fito a 2013 ya gaji H.264, abin yana raguwa kusan rabi, kwana 11 ya koma sama da 20. Kada ka sayi akwatin da ba shi da shi. In kuma ka haura zuwa megafiksel 8 a NVR, ka shirya sayen terabait 4, in ba haka ba sati ba zai cika ba. Faifan kansa a sayi wanda aka yi don aikin dare da rana, irin WD Purple ko Seagate SkyHawk, sabo a ledarsa. Wasu masu haɗawa sukan cusa tsohon faifan kwamfuta, ya yi ta aiki har ranar da ya tsaya shiru ba wanda ya sani, domin allo yana ci gaba da nuna hoto kai tsaye ko babu abin da ake adanawa.

Yanzu mu dawo kan abin da ya kashe akwatin dattijon. DVR da faifanta suna jan wat 15 zuwa 20, kowace kyamara wat 3 zuwa 5 da dare, rauta kuma ƙasa da 10. Gidan kyamara huɗu ya tashi wajen wat 40, kusan yunit ɗaya ke nan a yini. Ba yawa ba ne, amma ana son sa ba yankewa. 'Yar UPS ta kwamfuta, mai riƙe wuta in an ɗauke, mai batir 7Ah, da kyar ta kai ka awa ɗaya da rabi, ba za ta tsallake daren Tudun Wada ba. Batir mai 100Ah kuwa, ko rabinsa kawai ka ja don ya daɗe, zai riƙe wat 40 na tsawon awa 15. A nan ne DVR ta fi dacewa da halin da muke ciki: ita da kyamarorinta da yawancin rautoci duk bolt 12 suke ci, saboda haka ana iya ciyar da su daga batir ta akwatin wuta mai daidaita ƙarfi, ba sai an bi ta inbata ba, ba asarar juya wuta sau biyu. Farantin sola ya riƙe batirin. NVR mai PoE kuwa bolt 48 take nema, dole ta bi ta inbata, kuma kyamarorinta sun ɗan fi ci. In gidanka yana da sola mai ƙarfi da ma, wannan ba matsala ba ce. In ba shi da ita, ka saka kuɗin batir cikin lissafi tun farko, ko da hakan na nufin kyamara huɗu maimakon takwas. Huɗu masu kwana a farke sun fi takwas masu bin NEPA.

Ga kuma damina. Tsawar Zariya daga Mayu zuwa Satumba ba wasa ba ce, kuma doguwar waya da aka rataya daga gini zuwa gini hanya ce da take bi ta ƙone bakin akwati. A binne wayar in da hali, a sa na'urar kare tsawa, a tabbatar akwai sandar jan ƙarfe a ƙasa.

To, batun haɗawa da intanet, wanda shi ne dalilin da ya sa da yawa ke saye: mutum yana kasuwa, ko yana Kaduna, ko ya tafi Umara, ya buɗe waya ya ga ƙofar gidansa. Abu na farko da ya kamata a sani shi ne DVR da NVR ba sa buƙatar intanet don su yi naɗi. Ko babu layi ko ɗaya a gidan suna aikinsu, ka kalla a talabijin ta wayar HDMI. Na biyu, yawancinsu ba su da waifai a jiki, baki ɗaya ne da su na wayar intanet. Ke nan 'yar MiFi ta aljihu ba za ta yi ba, tunda ba ta da inda za a soka waya. Rauta ake so mai cin sim, irin wadda MTN da Airtel ke sayarwa, mai baki a bayanta. In rautar tana falo saboda nan sabis ya fi ƙarfi, akwatin kuma yana can ɓoye a wani ɗaki, a ja waya tsakaninsu. Ana iya sa ƙaramar rauta ta biyu kusa da akwatin ta kamo waifai ta miƙa masa ta waya, amma na gwada, kuma bulo da ginin ƙasa mai kauri irin namu suna cinye sigina, hoton ya yi ta tsayawa. Waya ta fi.

Akwai wani amfani da mutane ba sa lura da shi: da zarar akwatin da wayarka suna kan rauta ɗaya, kana iya kallon kyamarori daga ɗakinka ko babu ko sisin data a layin, muddin an ƙara akwatin a manhaja ta adireshinsa na cikin gida. An ƙwanƙwasa ƙofa ƙarfe biyun dare, ba sai ka taso zuwa falo ba.

Kallo daga nesa kuwa a yau ta hanya ɗaya ake yi. Za ka ga tsofaffin bayanai na cewa a buɗe ƙofa a rauta a yi rajistar suna, amma wannan ba ya aiki a layukan sim, domin kamfanonin suna tara dubban masu layi a ƙarƙashin adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai lamba guda, wanda ya zo daga waje bai san ƙofar wa zai buga ba. Starlink ma, da ta shigo Najeriya a Janairun 2023, haka tsarinta na gida yake. Abin da ke aiki shi ne akwatin ya kira sabar kamfaninsa, wato babbar kwamfutarsu da ke kan intanet, da kansa, wayarka ma ta kira, a haɗa ku a can. Shi ne wannan hoton lamba mai murabba'i da ake ɗauka da manhajar Hik-Connect ga Hikvision, ko DMSS ga Dahua. A wannan fanni DVR da NVR kunnen doki suke.

Data fa? Idan ba wanda ke kallo, abin da akwatin ke ci kaɗan ne ƙwarai. Da ka buɗe, kowace kyamara tana da hoto iri biyu, babba da ƙarami. Babban yana iya cin megabait 900 a awa, ƙaramin kusan 230. Kuma sau biyu ake cirewa, rautar gida tana biyan turawa, wayarka tana biyan karɓa. Ka bar manhajar a kan ƙaramin, sai in ka ga abin da ya ɗauki hankalinka ka koma babban. Wani abokina mai shagon atamfa ya bar kyamara huɗu a buɗe a babban hoto yini guda yana nuna wa baƙi, da yamma datar wata ta ƙare.

Inda NVR ta yi zarra shi ne wuri mai gine-gine da yawa. Makarantar Islamiyya mai ɓangare uku, ko gidan gona a hanyar Shika inda ɗakin kaji ke da nisa da gidan mai gadi: ana iya kafa 'yan faranti biyu masu kallon juna, irin na Ubiquiti ko TP-Link, su ɗauko hoton kyamarori ta iska daga nisan da ya haura kilomita, in dai ba bishiya ko gini a tsakani. Koks ba ta san wannan ba. Haka nan akwai yarjejeniyar ONVIF, da kamfanonin Axis da Bosch da Sony suka kafa a 2008, wadda ke sa kyamarar wani kamfani ta yi magana da akwatin wani, ko da yake abubuwa irin gane mutum sukan ƙi aiki in an gauraya. Yawancin DVR na yanzu ma suna karɓar kyamarar intanet ɗaya ko biyu a kan nasu, abin da ya isa ga wanda kusurwa ɗaya ce kawai ta gagari waya.

Kyamarar waifai ba zan daɗe a kanta ba. Ga ɗalibi ko ma'aikaci mai haya a Samaru ko Kongo, wanda mai gida ba zai bari ya huda bango ba, ita ce daidai: Tapo, ko EZVIZ, ko Imou, guda ɗaya a ƙofa, ranar tashi a cire a sa a jaka. Amma ita ma tana son wayar wuta, memorinta kwanaki kaɗan yake riƙewa, jabun memori ya yi yawa, kuma wanda ya fizge ta ya tafi da shaidar gaba ɗaya. Mai sola da sim a jikinta tana da amfani a fili ko ginin da ba a tare ba. Ban yarda a dogara da irin waɗannan wajen tsaron gidan iyali ba.

Saura abin da ya fi damuna, kuma shi ne wanda ba a faɗa a shago. Wa ke riƙe da mabuɗin? Akwatin Hikvision asusu ɗaya yake ɗauruwa da shi, kuma sau da yawa mai haɗawa, don ya gama da wuri, sai ya ɗaura shi a nasa asusun ya raba maka kallo. Ma'ana shi ne mai gida a wajen na'urar, kai baƙo ne. Yana iya buɗe gidanka a wayarsa duk lokacin da ya so, kuma ran da ya canza lamba ko ya bar gari, kwance ɗaurin wahala ce. Ka buɗe asusu da lambarka ko imel ɗinka, ka ɗauki hoton lambar da hannunka, ka sa kalmar sirrin da kai kaɗai ka sani bayan ya gama. Ba zargin kowa nake yi ba, akwai masu amana da yawa a sana'ar, amma ko mai amana wayarsa tana iya faɗawa hannun wani. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, da yawansu DVR ne da kyamarori, ba da wata dabara ba face gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga kamfani, irin admin da 12345. Marasa sunan nan masu arha su suka fi wannan rauni, kuma ba a cika sabunta musu manhaja ba.

Da muka zo sawa a gidanmu, mai haɗawar ya ɗora tsani a bangon tsakar gida yana cewa daga nan za a ga ko'ina. Mahaifiyarmu tana bakin murhu ta ɗago ta ce, "Kai, ɗan nan, wannan idon ina zai kalla?" Na ce, "Inna, tsaro ne." Ta ce, "Ɓarawo ta ƙofa da katanga yake shigowa, ba ta madafi ba." Aka sauke tsanin. Gidan Bahaushe an gina shi ne da zaure da shigifa don ido ya tsaya a inda ya kamata, kuma duk hoton da ke fita ta intanet ya bar hannunka ko yaya ka tsare shi. Kyamara ta kalli get, da zaure, da bin katanga, da inda ake ajiye abin hawa. Ta bar tsakar gida inda mata ke harkokinsu ba mayafi. Mai bene kuma ya duba da kyau kada tasa ta leƙa gidan maƙwabci. Allah Ya hana mu bin diddigin sirrin juna a Suratul Hujurat, kuma yawancin akwatunan nan suna da wurin da ake zana baƙin tabo a rufe wani yanki na hoto, aikin minti ɗaya.

In ka ce in zaɓa maka, ga inda na tsaya. Gidan da aka riga aka gina, mai kyamara huɗu zuwa shida, ba babbar sola: DVR mai baki takwas ko da huɗu za ka fara cikewa, mai H.265 da gane mutum, mai naɗa cikakken 1080p, faifan terabait 2, batir nata na kanta. Shagon kasuwa ma haka, da ƙarin kyamara ɗaya a saitin aljihun kuɗi. Sabon gini, ko makaranta, ko asibiti, ko wurin da ake son karanta lambar mota daga nesa kuma akwai inbata tsayayya: NVR. Ɗakin haya: waifai.

Akwatin kuma kada a ajiye shi ƙarƙashin talabijin a falo, nan ɓarawon da ya san abin da yake yi zai fara dubawa. A sa shi a ɗaki mai kulle inda iska ke shiga, ba cikin silin ƙarƙashin kwano ba, zafin Maris da Afrilu zai gasa faifan, kuma ba a lulluɓe shi da ƙyalle. A duba agogonsa, domin wasu suna zuwa da lokacin ƙasar Sin, awa bakwai gaba da namu, kuma in ɗan batirin da ke cikin akwatin ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai kwanan wata ya koma baya. Hoton da ke ɗauke da ranar da ba ita ba yana da wuyar kare kansa a gaban hukuma.

Kafin ka biya cikon kuɗin aiki, ka ce wa mai haɗawar ya dawo bayan isha'i. Ku kashe wutar gidan daga mita, ku ga ko allon ya ko ƙifta. Ka sa ƙaninka ya fita ya shigo ta get da hula a kansa, sannan ka zauna da kanka, ba shi ba, ka nemo wannan minti, ka kwafe shi a filash, ka buɗe a wata na'urar. Daga nan ka kashe waifai a wayarka, ka taka zuwa bakin layi wajen mai shayi, ka buɗe manhajar da datarka ka ga ko ƙofar gidanka za ta fito.